Maratayin hotuna: Katakon da ake ɓamɓarewa a tsoffin gidajen Ingila ba da laifinsa ba

Ɗalibin da ya tashi daga Kano ko Zariya ya tafi karatu Manchester ko Birmingham, idan ya kama hayar ɗaki a irin tsoffin gidajen nan na jan bulo da ke jere manne da juna, akwai abin da yakan lura da shi tun daren farko da ya kwanta ya ɗaga kai. Wani siririn katako ne ya zagaye ɗakin kaf, ƙasa kaɗan da silin, galibi daidai saman ƙofa. Wasu sukan ɗauka wayar lantarki aka ɓoye a cikinsa. Wasu kuma su ce kwalliya ce kawai ta mutanen da.

Bayan kwana biyu sai ya so ya rataye hoton iyayensa, ko firam ɗin aya da ya ɗauko a akwati, sai ya tuna takardar haya ta hana buga ƙusa a bango. A Ingila, wata doka ta 2019 ta ƙayyade kuɗin ajiyar da mai gida zai karɓa a kan hayar mako biyar ga yawancin gidaje, kuma daga cikinsu ake zabge kuɗin cike ramin ƙusa ranar tashi. Haka firam ɗin zai ƙare a jingine a kan durowa, alhali maganin matsalar yana saman kansa. Katakon nan domin rataye hoto aka yi shi. Samansa yana da ɗan leɓe, a nan ake saƙala ƙugiyar ƙarfe, a sauko da igiya ko sarƙa, a ɗaura firam ba tare da an taɓa guduma ba.

Baƙo yana da uzurin rashin sani. Abin takaicin yana wajen masu gidajen kansu. Kusan gida ɗaya cikin biyar a Ingila kafin 1919 aka gina shi, kuma duk shekara ana sayar da irin waɗannan gidaje ga ma'auratan da ke son su zamanantar da su. Cikin abubuwan farko da ake nuna wa mai gyara da yatsa har da wannan maratayi. Hujjar kullum ɗaya ce: wai yana sa ɗaki ya yi kama da ɗakin kaka.

An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke tsofar da ɗakin shi ne irin fentin da aka shafa wa katakon, da tsayin da aka rataye hoton, da kuma abin da aka zaɓa aka rataya. Dukkansu ana iya gyara su a ƙarshen mako guda da kuɗi kaɗan. Ɓamɓarewa kuwa aiki ne mai tsada, mai ƙura, kuma idan an yi shi an yi ke nan.

Dalilin da ya sa aka yi shi tun farko

Bangon cikin gida na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, ba irin na yau ba ne. Siraran katakai ake jerawa kamar asabari, a kwaɓa farar ƙasa da yashi da gashin dabbobi, a yaɓa a kai. Kwaɓin yakan kutsa ta tsakanin katakan ya lanƙwashe ta baya, idan ya bushe sai ya zama kamar ƙananan ƙugiyoyi da ke riƙe da filastar. Duk bugun guduma ɗaya yana girgiza waɗannan ƙugiyoyin. Idan suka karye, filastar ta rabu da abin da ke riƙe da ita, yau tsaga, gobe ɓantale ya faɗo.

Ga kuma takardar ado da ake manna wa bango. Masu hali suna kashe kuɗi sosai a kanta, musamman bayan da irin su William Morris suka fara fitar da nasu zanen a 1864. Babu uwargidan da za ta yarda a huda mata takarda mai tsada duk lokacin da ta so ta sauya wa hoto wuri. Manyan gidaje tun kafin lokacin suna da sandunan tagulla da ake rataye zane a kansu. Na katako shi ne ya kawo dabarar gidan malamin makaranta da akawu, ya kuma ci gaba har gidajen da aka gina a shekarun 1930.

A shekarun 1870 da 1880 an saba raba bango gida uku. Na ƙasa, daga daɓe zuwa kusan ƙugun mutum, ana yi masa abu mai ƙwari da zai jure gogar kujera da hannun yara. Duk wanda ya yi firamare ko ya taɓa jinya a asibitin gwamnati a Najeriya ya san irin wannan dabara, inda ake shafa wa rabin bango na ƙasa fenti mai maiƙo mai duhu. Na tsakiya shi ne filin hotuna. Na sama, tsakanin maratayi da silin, shi ne ke shan wahalar hayaƙi, domin da kwal ake ɗumama gida kuma fitilar gas ake kunnawa, kunkunniya kuwa sama take taruwa. Saboda haka a gidaje da yawa akan shafe wannan ɓangaren da farar ƙasa tare da silin a kai a kai, maratayin ya zama iyakar da mai fenti zai tsaya.

Ke nan katakon aiki biyu yake yi. Yana ɗaukar hoto, yana kuma gaya wa ido inda bango ya ƙare. A ɗakin da silinsa ya kai mita uku, wannan aiki na biyun ba ƙarami ba ne. Idan aka cire layin, ƙofa da murhu da kujeru sai su zama kamar an zuba su a gindin rijiya, da fili fetal a samansu.

Yadda ya yi baƙin jini

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa suka sauya. Allunan filasta na masana'anta suka maye gurbin yaɓe, silin ya sauko, mutane suka gaji da duhu da ƙura da duk wani lungu da sai an bi da tsumma. A 1962 gidan talabijin na BBC ya fara wani shiri inda Barry Bucknell ya ɗauki wani tsohon gida a unguwar Ealing da ke yammacin Landan, yana nuna wa miliyoyin masu kallo mako bayan mako yadda ake mayar da shi na zamani. A wancan zamani ne aka yi ta lulluɓe ƙofofi masu sassaƙa da falle na katako, aka toshe murahu, aka ɓamɓare kayan adon bango.

Ba za a ga laifinsu duka ba. Gidajen suna da sanyi, suna da duhu, kuma maratayin da suka gada an shafe shi da baƙin banish mai ruwan ƙasa wanda ko a hoto ba ya burgewa. Amma tun 1958 wasu, ciki har da marubuci John Betjeman, suka kafa ƙungiyar kare gine-ginen zamanin Biktoriya saboda sun hango inda aka dosa. Zuwa shekarun 1980 sai ga 'ya'yan waɗanda suka zubar da kayan suna bin wuraren sayar da tsoffin kayan gini suna sayen irinsu da tsada domin su mayar. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma wanda ke shirin ɓamɓare nasa yau yana kan hanyar maimaita shi.

Abin dariyar ma shi ne dabarar ba ta taɓa mutuwa ba a wurin waɗanda rataye hoto ne sana'arsu. A wasu ɗakunan babban gidan zane na National Gallery da ke Landan, har yau da sarƙa ake sauko da manyan zanuka daga sama. Sabbin wuraren baje zane kuma suna kafa siririn layin alminiyam a ƙarƙashin silin, da wayoyi masu zamewa hagu da dama. Kamfanoni suna sayar wa masu gidaje wannan tsari a matsayin sabon yayi. Akwai wanda zai biya a cire masa na katako mai shekara 120, ya sake biya a kafa masa na alminiyam mai aiki iri ɗaya.

Fenti ne rabin maganar

Yanayin da ya fi tsofar da ɗaki shi ne wanda aka fi gani a gidajen haya: bango mai launi a ƙasa, launin nan dai a sama, sai maratayi fari fat mai ƙyalli a tsakiya kamar an ɗaura wa ɗakin bel. Ido ba ya ganin komai sai wannan layin. Yana yanke bangon biyu, yana sa silin ya yi kamar ya sauko, kuma duk wata karkata da shekaru suka jawo wa ginin sai ta fito fili.

Mafi sauƙin magani shi ne a shafe katakon da launin bangon. Nan take sai ya daina ihu, ya koma inuwa siririya wadda sai an lura. A ɗakin da ke da haske sosai ana iya wucewa gaba, a haɗa bango da maratayi da abin da ke samansa da katakon gindin bango duk a launi ɗaya, wasu har da silin. Wannan salo ne da masu ƙawata ɗaki ke yayi a 'yan shekarun nan, kuma babu inda ya fi dacewa kamar tsohon gida, domin sassaƙar katakon ce ke hana launin ya zama shafe ɗaya mara rai. Abin kiyayewa kawai shi ne fentin katakon ya ɗan fi na bango santsi, saboda ƙugiya za ta riƙa gogarsa.

Akwai hanya ta biyu, kuma ita ce ta asali: launin bango ya hau har kan maratayin ya tsaya, abin da ke sama ya bi silin. Wannan yana saukar da silin a ido. A babban falo mai faɗi asara ce. Amma a ɗan tsukukun ɗaki mai tsayi, ko siririn lungun shiga gida wanda tsayinsa ya ninka faɗinsa, alheri ne, domin yana sa wurin ya koma daidai jikin ɗan Adam. Mai gida ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi kansa ko ɗakin nan tsayi ya yi masa yawa ko kuwa tsayin ne kyansa. Amsar ita ce za ta nuna inda buroshi zai tsaya.

Abu guda da ya kamata a guje masa shi ne kankare fentin a bar katakon tsirara a shafa masa banish. Mutane suna yin haka da niyyar komawa asali, alhali yawancin waɗannan maratayai da katako mai araha aka yi su, kuma tun ranar farko da nufin a yi musu fenti aka kafa su. Katako mai ruwan lemo mai sheƙi yayin shekarun 1980 ne, kuma a yau ya fi duk wani abin zamanin Biktoriya nuna tsufa. Inda aka yi sa'a katakon mai daraja ne irin na oak, kamar a wasu gidajen farkon ƙarni na 20, wannan magana ce daban.

Hoto ya sauko inda ido yake

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar cewa tunda maratayi yana sama, hoto ma sama zai zauna. Sai a ga firam ya maƙale taƙi ɗaya ƙasa da katakon, ya sunkuyo gaba kamar zai gaida baƙo. Wannan sunkuyon yana da tarihi. A bikin baje zane na bazara da Royal Academy ke yi a Landan tun 1769, a da akan cika bango da zanuka tun daga ƙasa har sama, waɗanda aka kai can ƙololuwa sai a karkato da su domin na ƙasa ya iya gani. Masu zane kansu suna jin haushin a kai aikinsu sama. Abin da suke ɗauka wulaƙanci shi ne wasu ke yi wa hoton aurensu da hannunsu. Ba Turawa kaɗai ba: falo nawa ne a Kaduna ko Katsina hoton maigida yake can kusa da silin, sai an ɗaga wuya kafin a gane ko wane ne?

Gidajen baje zane na yau suna sa tsakiyar hoto a kusan santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, wato daidai idon mutum a tsaye. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a fara da shi. A falon da zama ake yi, a ƙara saukowa kaɗan. A saman doguwar kujera, tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin bayanta da gindin firam ta isa, domin hoton da kujerar su zama abu ɗaya a ido. Sakamakon haka igiyar za ta yi tsawo, wani lokaci ta haura mita guda. Babu laifi. Doguwar igiya miƙaƙƙiya ita ce ma ke ba tsarin kamannin zamani.

Daga nan sai yadda aka ɗaura ta. Tsohon salo shi ne ƙugiya ɗaya, igiya ɗaya ta rabu biyu ta sauka gefe da gefen firam, ta yi siffar dala. Ita wannan dalar ce ido ya haɗa da ɗakin kaka. Ƙugiya biyu da igiya biyu, kowace ta sauko a miƙe zuwa gefen firam, sun fi tsabta a ido, kuma hoton ba ya karkacewa duk lokacin da aka buga ƙofa.

Lissafi ma yana goyon bayan haka. Firam mai kilo 10 a kan igiya biyu miƙaƙƙu, kowace kilo 5 take ɗauka. Idan kuwa dala ce, duk yadda ta ƙara buɗewa jan da ke kan igiyar ƙaruwa yake. Idan kusurwar sama ta kai digiri 120, kamar yadda ake samu idan an maƙale faffaɗan firam kusa da maratayi, kowane ɓangare yana jin jan kilo 10 cif. Nan ne tsohuwar igiya ke tsinkewa da tsakar dare.

Sunkuyon kuma daga bayan firam yake. Zoben da ake ɗaura igiya idan ya yi ƙasa, hoton zai faɗo gaba. Idan aka matsar da shi kusa da saman firam sai ya kwanta. A liƙa 'yan guntayen roba ko toshiyar kwalba a kusurwoyin ƙasa ta baya, su daidaita shi, su kuma bar 'yar kafa tsakaninsa da bango. Wannan kafar tana da amfanin da ba a cika faɗa ba. Bangon waje na gidajen kafin 1919 galibi bulo ne cunkus babu rami a tsakiya, yana yin sanyi ƙwarai da hunturu, raɓa tana kwanciya a kansa. Hoton da aka manne da irin wannan bango yakan yi fumfuna ta baya ba a sani ba. Wanda iska ke ratsa bayansa ya fi tsira.

A ɓoye igiyar ko a nuna ta?

Masu sayar da kaya sun fi tallata zaren roba mai kama da na fatsa, wai ba a ganinsa. Ana ganinsa. Da hasken taga ya doke shi sai ya yi walƙiya, kuma mai arahar cikinsa yana miƙewa da nauyi har hoton ya karkace bayan 'yan watanni. Banda haka, akwai wani abu na jin kunya a tattare da shi, kamar mai gida yana ba da haƙuri a kan maratayinsa. Ya fi kyau a nuna abin a fili: siririyar wayar ƙarfe baƙa a kan bango mai haske, ko 'yar sarƙar tagulla mara kauri a kan bango mai duhu, ko igiya mai launin bangon. Ƙugiya da sarƙa su zama ƙarfe iri ɗaya da hannun ƙofa ko fitilar ɗakin. Abin da za a bar wa gidan tarihi shi ne igiyar siliki mai tuntu da fure a kan ƙugiya.

Sai abin da aka rataya. Tsohon gida ba ya bukatar tsohon hoto. Idan aka haɗa maratayi da firam mai ruwan zinare mai kauri da zanen shanu a makiyaya, to an gina gidan tarihi, ba wurin zama ba. Babban hoto ɗaya na zamani a siririn firam baƙi ko fari ya fi ƙananan guda goma da aka warwatsa. Idan ƙananan ne ake da su, a jera biyu ko uku a kan waya ɗaya, wani ƙarƙashin wani, a tara su wuri guda, a bar wani bangon babu komai. Kuma ba dole sai firam ba. Bahaushen da ke zaune a Leeds ko Glasgow zai iya zura sanda a bakin zanen saƙi, ko shuɗin yadi na marinar Ƙofar Mata, ya rataye shi da ƙugiya biyu. Yadi a bango yana rage amsa-kuwwar ɗaki mai dogon silin, kuma ranar tashi naɗe shi kawai za a yi.

Wanda ya fi kowa tsofar da maratayi shi ne wanda ya bar shi wayam, ya je ya huda bango a ƙarƙashinsa ya kafa hotuna da sukuru. A nan katakon ya zama abin da ake zarginsa da shi, wato saura daga wani zamani. Shi kuma mai hudar ya ɗauki kasadar da ba ta zama dole ba, domin ƙa'idar aikin lantarki a Birtaniya ta yarda a binne waya a miƙe sama ko gefe daga soket da makunni, kuma tsohon gida yakan sha wayoyi na zamani daban-daban da babu wanda ya san inda suka bi.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ba kowane ɗaki ne ya dace da shi ba. Ma'aunin da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2015 ya sa mafi ƙarancin tsayin silin sabon gida a mita 2.3. A irin wannan ɗaki, kafa maratayi daidai saman ƙofa zai bar ɗan siririn fili a sama wanda ba shi da ma'ana, ya kuma danne ɗakin. Mai sabon gida da ke sha'awar tsarin ya kai layin can ƙarƙashin silin, ko ya haƙura.

Haka kuma ba kowane katako da ke bango ne zai ɗauki kaya ba. Na asali da ƙusa aka kafa shi cikin ginshiƙan bango ko cikin turakun katako da aka cusa tsakanin bulo, amma shekara ɗari tana sassauta ƙusa. Wasu kuma na baya-bayan nan ne, na garin katako da aka matse, da gam kawai aka liƙa su domin ado. Kafin a rataya komai sai a kama shi a ja ƙasa a hankali a wurare da yawa. Inda ya motsa, kafinta ya ƙara masa sukuru. Katon madubi da talabijin ba aikinsa ba ne ko da yana da ƙwari. A ɗakin yara ƙanana kuma, doguwar igiya da firam mai gilashi gayyatar tsautsayi ce. Ga ƙura da ke kwanciya a leɓensa, wadda sai an hau kujera. Waɗannan duk gaskiya ne, amma dalilai ne na yin hattara, ba su kai na ɗauko ƙarfen ɓamɓara ba.

Domin shi ɓamɓarewar garin neman gira ne a rasa ido. Ƙusoshin sukan fito da ɓantalen filasta. Sama da ƙasan layin kuma ba su cika zama daidai ba, saboda shekara da shekaru ana yi wa ɗaya takarda ana yi wa ɗayan farar ƙasa, don haka tabon ba ya ɓoyuwa sai an sake shafe bangon gaba ɗaya. Sannan akwai dalma. Sai a 1992 Birtaniya ta hana sayar wa jama'a fenti mai dalma, kuma katakon gidan da aka gina kafin shekarun 1960 akwai yiwuwar yana ɗauke da ita a ƙarƙashin sabon fenti. Goge shi da samfefa a bushe yana cika ɗaki da ƙurar da ta fi illa ga yara da masu juna biyu. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ba ya bukatar dogon bayani. Fentin da bai ɓare ba, shafa sabo a kansa ya fi aminci a kan tayar da shi.

Akwai ma doka. Yawancin tsoffin gidaje ba sa cikin jerin gine-ginen tarihi da gwamnati ta kare, amma wanda ke ciki, dokar 1990 ta shafi har cikin ɗakunansa. Sauya abin da ya taɓa asalin ginin ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

Mai karatu a Najeriya zai iya cewa wannan matsalar Turawa ce, bangonsa bulo ne da siminti. Amma ya san yadda ƙusar kankare ke ɓantare filasta ta bar rami kamar bakin kofi, ya san rigimar mai gida da ɗan haya ranar tashi, ya kuma san bangon falon da ramuka suka yi wa zane saboda an sauya wa agogo da kalanda wuri sau biyar. Duk kafintan da ke da injin fitar da sassaƙa zai iya yin wannan katako idan aka zana masa leɓen. A gidan da aka saukar da silin da POP, wurinsa shi ne dab da ƙarƙashin adon silin, da 'yar tazarar da ƙugiya za ta shiga, a launin bangon. Katakon ya zama mai ƙwari, busasshe, wanda aka shafa wa maganin gara, a kafa shi da sukuru ba gam ba, a kuma kauce wa layin da waya ke hawa daga makunni. Ƙugiyar kuwa maƙeri ko mai walda zai lanƙwasa ta daga siririn ƙarfe, in dai an kai masa guntun katakon ya gwada a kai.